Maɗin Ɗinyar Kufai

Ran nan wata a cikinku ta tsaya a ƙofar ɗakina da robobin zobonta a ka, ta ce wai maɗi ai tafasa ruwan ɗinya ne kawai, ko makaho ya iya. Makaho kam zai iya, don aikin ba na ido ba ne sosai. Kurma ne ba zai iya ba. Tunda kun ce kuna son sana'ar, to ku ji ta daga tushe, kuma kada wadda ta latsa mini waya ina magana.

Aikin farko da surukata Iya Tabawa ta ba ni, shekarar da aka kawo ni gidan ɗanta a ƙauyenmu na bayan duwatsun Roni, shi ne tsinta. Kaka uku ina tsinta ina wankewa, ban taɓa muciya ba. Ɗinya ba a kaɗo ta, ba a jifan ta. Wadda ta faɗo don kanta ake ɗauka, baƙa wuluk, mai taushi, wadda jemage bai ciza ba. In da sauran kore a gindinta, ɗaci za ta kawo wa tukunya duka. Ranar farko Iya ta raka ni, muna isa gindin bishiyar na ji ta yi sallama da ƙarfi. Na waiga, ba kowa.

Ta ce, "Me kike dubawa? Yi taki sallamar."

Na yi. Muka cika kwando biyu, na miƙa hannu ga na uku, ta buge mini hannu.

"Wannan a ƙasa yake kwana."

Na ce, "Na wa ne, Iya?"

"Na masu wurin. Ke kika shuka?"

Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. A gidan nan ba a tambaya sau biyu.

Dahuwa kuwa wuni ce. Ki jiƙa ɗinyar a randa da sassafe, ki murje da hannu har ƙwallo ya rabu da nama, ki tace a kwando da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, sau biyu. Hannunki zai yi baƙi sati guda, duk wanda ya gan ki a kasuwa ya san aikinki. Sai ki ɗora tun hantsi, da itace mai nauyi, kirya ko marke, wuta ɗaya ba ta tashi ba ta faɗuwa, kina kwashe kumfa kina juyawa har la'asar. Ni ba ni da agogo, farce nake da shi. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a farcen babban yatsa, ki bari ya huce, ki kifa hannun. In ya tsaya cak kamar ƙwayar carbi, ya nuna. In ya motsa ko kaɗan, da sauran ruwa a cikinsa, ki ƙara itace ko da hannunki zai tsinke. Daga nan sai tulu busasshe, a rufe bakin da sakaina, a liƙe da yumɓu, a binne shi har wuya cikin yashi a kusurwar ɗaki inda rana ba ta kaiwa.

Sabon maɗi zaƙi ne zalla, na yara ne da masu gaggawa. Wanda ya kwanta wata huɗu, wata biyar a tulu, shi ne na manya. Zaƙinsa ya lafa, ya yi kauri, ƙamshin hayaƙi da na ƙasa sun shige shi. Amma kwanciyar nan ita ce haɗarin. Wani ma'aikacin asibiti da aka taɓa turowa Kazaure, ba Musulmi ba ne, ya sayi nawa ya kurɓa, ya ce a ƙasar Turawa akwai wata giyar inabi baƙa mai zaƙi da ake ajiyewa shekaru, a sha a ɗan ƙaramin kofi bayan abinci, wai nawa ya tuna masa da ita. Shi yabo ya yi. Na ce masa, tsakanin nawa da nasu sakacin wuni ɗaya ne a gindin murhu, kuma duk rayuwata gadin wannan tsakanin nake yi. Maɗin da bai dahu ba, in zafi ya same shi a tulu, juyawa yake ya zama giya, yana nan da baƙinsa da zaƙinsa, ba wanda zai gane da ido.

Shi ya sa Iya ta koya mini abu biyu, sai da ta ga na riƙe su sannan ta ba ni muciya. Na farko kunne. Kullum da safe ki durƙusa ki ɗora kunnenki a kafaɗar kowane tulu. Lafiyayyen maɗi shiru yake kamar kabari. Wanda ya fara juyawa za ki ji wani ɗan motsi a ciki, kamar gara tana cin zana. Iya takan ce, "In tulu ya yi magana, fasa shi, kada ki tsaya jin abin da yake faɗa." Na biyu maƙogwaro. Duk tulun da aka buɗe, kafin kowa ya sha, mai dahuwa za ta haɗiye ludayi guda. Haɗiya na ce, ba lasa ba. Harshe maƙaryaci ne a aikin nan, zaƙi yakan rufe masa baki. Sai abin ya wuce maƙogwaro ya sauka ƙirji. In sanyi ya biyo baya, lafiya. In ɗumi ya taso, kamar an hura miki garwashi a ciki, ya juya.

Masu saye iri-iri ne, kuma yawancinsu ba su san abin da suke saye ba. Na kai Kazaure, na kai Babura, inda mutanen Nijar ke saye su tsallaka da shi. Wani ya kwankwaɗe ƙoƙo a tsaye kamar mai kashe gobara. Wata ta zuba masa ruwa rabi da rabi, ta dawo tana cewa ba daɗi. A shekara talatin da wani abu da na yi ina sayarwa, mutum ɗaya na sani wanda ya iya shan maɗi, shi ne Malam Isiyaku, ladanin masallacinmu. Don murya ya fara sha, daga baya ya zama don kansa. Yana da ɗan ƙoƙonsa mai farin ciki da ba ya shan komai da shi sai wannan. In na zuba masa, sai ya fito bakin zaure wajen haske, ya karkata ƙoƙon ya ga yadda maɗin ke kama gefe yana saukowa a hankali. In ya sauko da gudu, ya miƙo mini abina. In ya yi masa, ya shinshina, ya kurɓi kaɗan, ya riƙe a baki, ya rufe ido. Ba ya sha sai bayan ya ci tuwo, kuma da ɗan cuku a gefe, irin wanda ake kawowa ta Babura, ya gutsura ya kurɓa. Ƙoƙo ɗaya yakan kai shi daga azahar zuwa la'asar.

Kuma ba ya kuskure. "Ladidi, wannan ta bakin rafi ce." Haka ne. "Wannan ta gonar Fulani ce, mai tsami-tsamin nan." Haka ne. Wata rana ya kurɓa ya buɗe ido ɗaya.

"Ranar da kika dafa wannan kun yi faɗa da mai gidan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wa ya kawo maka gulma?"

"Gindin tukunya. Kin huce a kan wuta, ta kama. Gobe in za ku yi, ki sauke tukuna."

Shekarar da ta karya ni ba fari aka yi ba. Masu gawayi ne suka shigo da injin yanka. Masu gonaki suka yi ta sayar musu da itatuwa, kafin damina ta ɗauke, ɗinyar bakin rafi ta tafi, ta gonar Fulani ta tafi, duk waɗanda Iya ta nuna mini sun koma buhuna a bakin titi. Iya ta daɗe da rasuwa, mai gidan ma ya bi ta. Kaka ta zo, na zaga da kwando kwana huɗu, kututture kawai nake tararwa. Bishiya ɗaya ta rage a duk yankin, tana cikin wani kufai a ƙarƙashin tsauni ta wajen hanyar Gwiwa, garin da mutanensa suka tashi tun kafin a haife ni. Masu gawayin sun je, sun dawo ba su yanka ba, kuma ba wanda ya faɗi dalili.

Na fita da sassafe da jakin aro, ban isa ba sai da rana ta take tsaka. Ganuwar gidaje duk ta narke ta zama tudu-tudu. Ɗinyar tana tsakiyar wani fili da ake gani tsakar gida ce a dā. Abin da na fara lura da shi, ƙasan bishiyar a share yake tas, babu ganye, babu kashin akuya, kamar yanzu aka ajiye tsintsiya. 'Ya'yan kuwa ga su nan a zube, manya, baƙaƙe, ba ɗaya da tsuntsu ya taɓa. Ba ƙuda. Ɗinya nunanniya a ƙasa, a ce ba ƙuda. Jakin ya tsaya daga nesa, na ja, na daka, ya ƙi shiga inuwar.

Na yi sallama. Na cika kwando biyu, ina ɗauka ina kai wa jakin. Na dawo na tsaya a kan abin da ya rage. Shekara guda ce a gabana, ba wata bishiya, ba wata sana'a. Na kwashe duka, har wanda ya gangara cikin saiwa. Da na juya zan tafi, sai na ga sawuna a kan shararriyar ƙasar, na shiga da na fita, ga kuma inda na durƙusa. Nawa ne kaɗai. Wanda ya yi sharar bai bar nasa ba.

Kwashe ɗinyar duka shi ne kuskurena na farko. Ga na biyu, shi kuma na hannu ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Itace ya yi wuya a shekarar, tunda duk an mai da shi gawayi. Da kara na dafa. Kara kuwa wutarsa ta yaro ce, ta tashi fuu ta mutu. Na kai la'asar karan ya ƙare. Na ɗiga a farce, na kifa. Ɗigon ya tsaya. Ina kallonsa, sai ya ɗan sunkuya, kaɗan, kamar mai gaisuwa. Da Iya na da rai da ta sa na sare ƙyauren ɗaki na ƙara wuta. Ni na ce ya isa.

Tulu biyu na samu. Na farko na buɗe shi bayan wata biyu, na haɗiye ludayina, sanyi ƙalau. Ban taɓa dafa irinsa ba. Kwana uku ya ƙare, mutane suka yi ta dawowa, har waɗanda ban san su da shan maɗi ba, su tsaya a zaure su ce ko kankarar tulun ce a ba su. Na biyun na hana kowa. Malam Isiyaku yana kwance tun farkon kaka, ciwon ciki ya hana shi komai, bai ɗanɗana na bana ba. Na ce wannan nasa ne, in ya tashi.

Bai tashi ba. Azumi ya kama cikin bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Ranar sha bakwai ga wata, rana tsaka, 'yarsa Hajara ta shigo ba ko mayafin kirki. Tana aure a Gwiwa, ta dawo jinya. Ɗan ƙoƙon nan na hannunta.

"Inna, Baba ne. Kwana uku ko kunu ba ya wucewa. Yanzu ya buɗe ido ya ce a karɓo masa maɗin Ladidi. Masu gani sun ce ba zai kai magariba ba."

Na ce ta zauna. Na shiga kusurwa na durƙusa, na ɗora kunne. Da safen nan na saurara, shiru. Yanzu kuwa akwai abu. Amma ba gara ba ce. Na san gara. Wannan kamar hayaniyar kasuwa ce in kina jin ta daga bayan gari, mutane da yawa, can ƙasa, ba a rarrabe kalma.

Na ce, "Hajara, zo ki sa kunne."

Ta sa, ta daɗe. "Ni ban ji komai ba, Inna."

"Sake."

"Wallahi shiru. Kunnenki ne, zafi ne da azumi. Ni ma tun safe nawa ke ƙara."

Mai yiwuwa gaskiyarta. Na tsufa, kunnen hagu ya fara yi mini kukan kansa. Na fasa yumɓun, na ɗaga sakainar. Ba kumfa. Ƙamshi ya cika ɗakin, lafiyayye. Na zuba a ƙoƙon, na kai bakin ƙofa na karkata, ya kama gefe yana saukowa kamar mai jin sarauta. Ido ya ce lafiya, hanci ya ce lafiya. Saura maƙogwaro, kuma duk wani baligi a garin nan bakinsa a ɗaure yake.

Hajara ta miƙo hannu. Na janye.

"Ba a fitar da shi sai an haɗiya."

"To ki lasa ki tofar mana, ai malamai sun ce ba ya karya azumi."

"Lasa ba ta faɗa."

"A ba wani yaro."

"In giya ce fa? Ɗan wa zan ba? Kuma yaro me ya sani, zaƙi kawai zai ce."

"To a jira a sha ruwa."

"Ke kika ce ba zai kai ba."

Ta fashe da kuka. "Haba Inna! Mutum na mutuwa kina al'ada? Cokali ɗaya ne fa zai iya. Ko da wani abu, wa zai sani? Allah ma ba zai kama shi ba, bai sani ba."

Na ce, "Shi bai sani ba. Ni fa?"

Mutumin nan shekara arba'in yana kiran salla da wannan maƙogwaron. Ko goro bai saba ci ba. Ban ga yadda za a yi abin ƙarshe da zai wuce ta nan ya zama giya ba, kuma daga hannuna. Ban kuma ga yadda zan mai da 'yarsa da ƙoƙo wayam saboda ƙarar kunnen tsohuwa ba. Na san hukuncin wanda ya sha da gangan da rana a watan azumi, kowa ya sani. Na ɗauki ludayi.

"Inna! Azumi!"

Na haɗiye.

Da fari ba komai sai daɗi. Ya bi harshe, ya bi maƙogwaro sumul. Na tsaya ina jira, Hajara ta toshe baki da hannu biyu. Har na buɗe baki zan ce ɗauki ki kai masa. Sai ya taso. Daga ƙasan ƙirji, a hankali, ɗumi, ya bazu har kunnuwa.

Na juye na ƙoƙon a ƙasa, na ce, "Ya juya. Yi gaba, ina tafe."

Da na gama abin da zan yi a ɗakin, na ciro tulun daga yashi, na kai bayan gida na maka shi da dutse. Ya malale baƙi a ƙasa. Kwana uku yana nan yana sheƙi, ko kiyashi ɗaya bai je ba, sai da na haƙa rami na tura.

Na tarar da Malam a kan tabarma, an jingina shi da bango, ya zama kamar kara. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, sannu."

"Ladidi. Ina nawa?"

"Ya juya, Malam. Na fasa."

Sai ya ce, "Ana azumi. Wa ya gaya miki?"

"Maƙogwarona."

Mutanen da ke ɗakin suka dubi juna. Wani ƙanensa ya fara salati. Malam ya ɗaga yatsa, aka yi tsit. Kafaɗarsa ta ɗan girgiza, sai daga baya na gane dariya ce.

"Kin yi wauta, Ladidi. Da kin aiko mini da haƙuri kawai." Ya numfasa. "To tunda an riga an sha. Kafin ɗumin ya zo, yaya yake?"

Na gaya masa. Na ce ya kama gefen ƙoƙo har ana iya karanta Fatiha kafin ya kai gindi. Na ce baƙi ne amma in haske ya ratsa shi ja ne a baki-baki, kamar jinin rago. Farkonsa dabino, tsakiyarsa hayaƙi, ƙarshensa wani ɗan ɗaci kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ya rufe ido yana ji, bakinsa na motsi, na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

"Da cuku zai yi," in ji shi. "Ta wace gona ce? Ban san wannan ba."

"Ta kufai ce."

Ya buɗe ido ya dube ni sosai. Ya ce Hajara ta ba shi ruwa a ƙoƙonsa, ta ɗiga masa, ya wuce. Ana kiran la'asar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Bayan salla na je wurin liman na faɗa masa na karya azumi da gangan, da abin da na karya shi da shi. Ya ce in rama ranar, in yi kaffara sittin a jere, in yi istigfari, Allah Ya ga niyya. Na yi sittin. Da na gama na huta kwana biyu, na sake ɗaukar wasu sittin. Garin nan aka yi ta magana, wasu suka ce tsoron Allah ne, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa ni. Hajara ta zo har gida ta ce, "Inna, liman fa sittin ya ce."

Na ce na ji.

Abin da ban gaya wa liman ba, ban gaya wa Hajara ba, ku nake gaya wa don ku ne kuka ce kuna son muciyar. Da Hajara ta fita ta bar ni da tulun, na riga na sani. Ɗumin na ƙirjina, ba sauran tambaya, ba sauran wanda zan yi wa gwaji. Hayaniyar nan kuma ba sai na sa kunne ba, ina jin ta daga tsaye. Na sunkuya don in ciro tulun in fasa.

Ludayin farko don Malam na sha, kuma ko gobe aka maimaita zan sha. Na biyun, na cika shi fal, na shanye, na lashe bayansa. Har yau ban san wanda ya ɗaga mini hannu ba.